Godiya ga waɗanda suka tsaya mini a Titin Katsina, da Baba rewaya na Ƙofar Ruwa

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, a-kori-kurata ta koma bakin aiki, ni ma lafiyata ƙalau. Waɗanda suka yi ta bugo waya suna yi mini jaje sun fi ƙarfin in bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma wasu daga cikin waɗanda suka taimake ni ko sunansu ban sani ba. Shi ya sa na ga gara in rubuta a nan, wataƙila Allah ya sa saƙon ya kai gare su.

Ga waɗanda ba su ji ba: kwanakin baya na sa an haɗa wa Hilux ɗina alam, wato jiniyar tsaron ɓarayi, saboda tana kwana a ƙofar gida. An haɗa shi da fitilun fakin, yadda idan na danna rimot za su ƙifta in san ta kulle. A hayaniyar Dawanau ba ka jin ƙarar jiniya, sai dai ka ga wuta. To, ran nan da daddare na taso daga Dawanau da lodin masara, ina wajen Kurna sai warin roba ya cika mini hanci, hayaƙi ya fara fitowa ta ƙasan sitiyari, wutar dashbod ta ɗauke. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne fitilun baya su ma sun mutu, don layinsu ɗaya da na fakin. Ga lodi, ga duhu, ga tireloli na tahowa.

Godiyata ta farko ga wani ɗan sahu ce. Yana ganin na gangara gefe ya tsaya a bayana ya bar fitilarsa a kunne don manyan motoci su hango mu, alhali da fasinja a ciki. Shi ne ya ɗauko sifana lamba 10 ya ce, "Yayana, buɗe bonet mu cire kan batir, kada ka zuba ruwa." Kafin in gama salati ya kwance na nagetif, hayaƙin ya lafa. Na miƙa masa ɗan abin shan ruwa, ya ce in bar shi don Allah. Su ma fasinjojinsa mata biyu babu wadda ta yi ƙorafi. Sai mai shayin da ke wurin, wanda ya haska mana da cocila ya kuma sa yaronsa ya zauna gadin buhuna har ƙanena ya iso da wata motar. Allah ya saka muku da mafificin alheri.

Washegari aka ja motar zuwa Ƙofar Ruwa, wajen wani dattijon rewaya. Ya ce kada in ambaci sunansa, to na bi umarninsa, amma aikinsa sai na faɗa.

Bai taɓa almakashi ba sai da ya kwance murfin ƙasan sitiyari ya kira ni. "Zo ka gani da idonka, ɗana." Wayar da ta fito daga alam zuwa fitilun fakin an murɗe ta ne kawai a jikin ta motar aka naɗe da salatif. Zafin Kano ya sa salatif ɗin ya saki, ya yi danƙo kamar alewar da aka bari a rana, wayar kuma tana gogar bakin ƙarfe har ta feɗe. Da na kunna fitila, wuta ta sami hanyar shiga jikin mota kai tsaye. A ƙa'ida fis ne zai ƙone maganar ta ƙare. Sai Baba ya zaro fis ɗin fitilun baya ya ɗora mini a tafin hannu: ashe ya daɗe da ƙonewa, wanda ya yi aikin farko ya naɗa masa zaren waya ya mayar. Na daɗe ina kallon abin nan. Wannan ɗan zaren ne ya kusa cinye mini motar da nake ciyar da iyali da ita.

Daga nan ya ɗauko mita. Batir ya nuna bolt 12.6, ya ce lafiyarsa lau. Ya bi wayoyin makunnin fitila yana gwadawa, yana sa yaronsa ya kunna ya kashe. Wata wayar ta kawo wuta da aka kunna fakin, ni har na ce an samu, sai ya murza abin rage hasken dashbod, lambar da ke kan mita ta yi ƙasa. Ya ce wannan ta hasken dashbod ce, duk wanda ya jona alam a kanta zai iya ƙone abin rage hasken. Ya kuma ja kunnen yaransa a kan wayoyi masu rigar rawaya a motocin da ke da jakar iska, wadda ke kumbura ta kare direba idan an yi haɗari, ya ce ko kusa kada su soka musu fitilar gwaji.

Abin da ya gano shi ne, a motata makunnin ba ya ɗaukar wutar fitilu da kansa. Nagetif yake aika wa wani rile, wato ɗan makunnin da wuta ke kunnawa, rilen ne ke sakin wuta zuwa ƙwayayen. Shi kuma alam ɗin yana da ɗan maɓalli a ciki da ake zaɓar ko fozitif zai fitar ko nagetif. Baba ya mayar da shi nagetif ya jona a wayar makunni, ta yadda alam zai taɓa rile kawai, nauyin wutar ya bi hanyar da kamfani ya shimfiɗa tun asali, da fis ɗinta. Na tambaye shi idan mota ba ta da irin wannan rilen fa. Ya ce sai a sayo na daban: ƙafarsa mai lamba 85 ta tafi alam, 86 da 30 su sha daga batir ta bayan fis mai amfiya 10, ita kuma 87 ta tafi fitilu. Ya zana mini a bayan kwalin alam ɗin, kuma na adana.

Wayar da ta ƙone bai yi mata faci ba, sabuwa ya ja tun daga akwatin fis. Kowane haɗi ya narka masa dalma ya sa robar nan da ke matsewa idan ta ji zafi, sannan ya ɗaure wayoyin nesa da ƙarfe. Aikin ya cinye yini guda, da sallar Azahar da La'asar a tsakani, kuma kuɗin da ya karɓa wallahi bai kai wahalarsa ba. Baba, Allah ya ƙara wa hannunka albarka, ya sa yaran da kake koyarwa su gaje ka.

Ina kuma godiya ga Alhajin da ke da masarar, wanda da na kira shi lafiyata ya fara tambaya kafin kayansa, da abokan lodi na Dawanau da suka riƙe mini kwastomomi har na dawo, da uwargida da ta kwana tana addu'a. Masu kayan da suka jira ni, ku yi haƙuri, gobe in sha Allahu bayan Asuba ina tasha. Allah ya tsare mu baki ɗaya, amin.