Ruwan da na ɗura wa jirgi da hannuna

Ɗan ƙanwata ne ya ja min wannan rubutun. Yana koyon tuƙin ƙananan jirage, ya zo hutu nan Jekadafari, bayan isha'i muna zaune a tabarma ya miƙo min waya wai Kawu kalli yadda nake duba jirgi kafin tashi. Abokinsa ne ya ɗauke shi, ga tabarau ga farar riga an sha guga, ya zo ƙarƙashin fiffike ya soka kofin gwaji, wato kofin da ake tsiyayar mai daga tanki a ga ko da ruwa a ciki, mai ya ɗan ɗigo, ko ɗaga kofin sama bai yi ba ya watsar yana wa kyamara murmushi. Na ce maido baya. Na ce wane launi ka gani a kofin nan? Ya ce ai Kawu mai ne. Kuma ƙasar wurin jiƙe take sharkaf, da gani an kwana ana ruwa.

Na so in wanke shi tas amma bakina ya yi nauyi, don abin da na aikata ya fi nasa muni.

Lokacin ina da ƙarfina, ina aikin ƙasa da wani ƙaramin jirgin feshi mai injin fistin da aka kawo saboda tsuntsayen jan-baki da suka addabi masu shinkafa da gero wajen Dadin Kowa. Filin sauka na ƙasa ne kawai, ba tankar mai ba komai, a durom mai lita 200 ake kawo mana abgas, wato man jirage masu injin fistin, nau'in 100LL ɗin nan mai launin shuɗi. Ni ne na sa aka jera duromomin a tsaye a fili don sun fi sauƙin kafa famfo. To durom in yana tsaye ruwan sama na taruwa a samansa, rana ta buga iskar ciki ta kumbura ta fita ta gefen murfi, hadari ya sauko ƙarfen ya huce sai ya zuƙo ruwan nan ciki ta hanyar da iskar ta fita, ko da murfin a ɗaure yake. Na san haka fa, an koya min a kwantar da su ne a kan katako murafun biyu suna kallon juna a tsakiya. Amma ku ma ku yi min adalci, mu biyu ne kawai a wurin, wa zai riƙa mirgina durom cike safe da yamma, rumfar da aka ce za a kafa har muka bar wurin ba a kafa ba.

Ranar da abin ya faru la'asar ta yi sanyi, kuma shi feshin jan-baki da magariba ake yinsa lokacin da suka koma makwancinsu, in ka makara duhu ya rufe ka shikenan an yi asarar yini. Matuƙin na ta duba agogo yana Malam yi sauri. Duromin ya kusa ƙarewa, sai na danna bututun famfon har gindi don kar a bar ko lita ɗaya, man nan da tsada ga wahalar samu, oga kuma lissafinsa yake kamar ransa. Daga gindin kuwa ai nan ruwan yake kwance, tunda litar abgas nauyinta wajen gram 720 ne, ta ruwa kilo guda cif, dole ruwa ya nutse. Ina cire tiyo na ruga na tsiyaya a kofi, shuɗi garau, na ɗaga wa matuƙi hannu. Na tsiyaya fa! wannan har gobe ina faɗa, ba wai ban tsiyaya ba. Sai dai man da aka ɗura yanzu-yanzu a hautsine yake, ruwan bai kai ga kwanciya ya gangaro bakin tsiyayar ba.

Ya tada inji lafiya lau, ya gwada shi a tsaye lafiya lau, don lokacin sauran mai mai kyau da ke kafireta da bututu yake sha. Sai da ya ba shi wuta duka ya kwasa a guje, yana dab da ɗagawa injin ya yi tari ya sake tari, Allah Ya sa mutumin yana da saurin tunani ya janye wuta ya taka birki, jirgin ya wuce ƙarshen fili ya tsaya cikin gonar mutane. Ba wanda ya ji ciwo. Da ya riga ya ɗaga sama da bishiyoyin nan ga magani cike a cikinsa, ban san me zan ce wa iyalinsa ba. Da muka buɗe matatar mai ta ƙasan inji ruwa ne zalla ke zubowa. Shi ma dai matuƙin ƙa'ida ta ce ya duba da idonsa, bai duba ba, ya dogara da ni. Na daɗe ina fakewa da wannan, wani lokacin har yanzu in na tuna nakan ce ai laifin namu ne mu biyu, wani lokacin kuma in kasa barci.

Na yi niyyar jero muku abubuwa da yawa amma na san ku, rubutu in ya wuce tsawon allon waya kun gudu.

In an ɗura mai, ku jira. A ba shi kamar minti 15 ko fiye ya kwanta, in kananzir ɗin jirgi ne Jet A-1 ya fi haka daɗewa sosai don ya fi riƙe ruwa. Sannan a tsiyaya ta kowane baki, ba wanda ya fi kusa da hannunka ba. Ƙaramin jirgin nan Cessna 172 na zamani bakin tsiyaya 13 gare shi, biyar-biyar a fiffike uku a ƙasan ciki, ba don ado aka yi su ba, amma yaro zai taɓa biyu ya tafi ɗaukar hoto. In ka ga ruwa ko ɗigo ne ka ci gaba da tsiyaya har ya ƙare, ka girgiza fiffike a hankali ka jira ka sake, musamman jiragen da tankinsu jakar roba ce, in ta yamutse ruwa na maƙalewa a lungunanta.

Ka ɗaga kofin ka kalle shi a haske. Ruwa kan zauna a ƙasa kamar ƙwallo ko ya yi layi. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne kofin da ya cika da ruwa zalla, ba layi ba ƙwallo, garau, sai ka ce tsabta ce ta yi yawa. Shi ya sa na tambayi launi. In ba shuɗi kar ka yarda. In ma da shuɗin kar ka yarda, ni ai shuɗi na gani.

Batun raɓa kuma, tanki rabi in ya kwana iskar ciki na yin gumi a jikin ƙarfe, don haka a cika shi da yamma. Amma kuma kar ku cika shi in gobe za ku ɗau mutane da kaya a zafin Gombe, don nauyin zai fi raɓar haɗari, ga mai in rana ta taɓa shi ya kumbura ya zube ta hancin iska. Ku lissafa da kanku. Ni dai a ganina raɓa an cika ɗora mata laifi, yawancin ruwan da na ci karo da shi a aikina ta murfin tanki ya shiga ko daga durom. Robar murfin nan ranarmu na busar da ita ta tsattsage cikin rani, damina na faɗuwa ta fara sha. Ka buɗe murfin ka taɓa robar da yatsa, in ta yi tauri ka gaya wa injiniya ya canza, ka rubuta a littafin jirgi kar ka bar shi a baki.

Kar kuma ku ɗauka masu durom a daji kaɗai abin ke ci. A 2023 a Yola an sami ruwa a tankin babban jirgin fasinja har NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ta shiga maganar, su da ke da tanka da matata da takardu. Saboda haka duk wanda ya ce maka ya riga ya duba, ko ni ne da furfurata, ka karɓi kofin ka duba da kanka, in yana gaggawa ya sauka ya hau mota. Wayar nan kuma a bar ta a aljihu har a gama.