Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Maganar Baffa da Harshen Jojiya

Har yau maganar Baffa ba ta bar raina ba. Da na zo hutu na faɗa a gida cewa, ban da likitancin da aka tura ni karantawa a Tibilisi, babban birnin Jojiya, na shiga ajin harshen Jojiya da tarihinta, sai ya dubi Inna ya ce, "Harshen mutanen da ba su kai miliyan 4 ba, wa zai ci tuwo da shi?"

Mu baƙi da Turanci ake koya mana likitanci, amma tsohuwar da ke kwance a gadon asibiti da harshenta take faɗin inda ke mata ciwo, wannan ne ya fara sa ni zama a kan haruffansu 33 har suka zauna mini. Daga baya tarihin ya ja ni. Masanin tarihi Ivane Javakhishvili da abokansa sun kafa Jami'ar Tibilisi a 1918 domin 'ya'yansu su yi ilimi mai zurfi da harshen uwa, bayan sama da shekara 100 ƙarƙashin Rasha. A ranar 14 ga Afrilu, 1978, ɗalibai suka cika titi saboda hukumomin Tarayyar Sobiyet sun so cire wa harshen matsayinsa a tsarin mulki, kuma dole hukuma ta janye. Malamarmu tana cikin waɗanda suka fita ranar, ba ta taɓa ba da labarin ba tare da muryarta ta rawa ba.

Wa zai ci tuwo da shi? Samarin ƙabilar Azeri da muke haɗuwa a masallacin Juma'a na tsohon gari da shi suke ci, domin tun 2010 gwamnati ta ba ƙananan ƙabilu shekara guda ta koyon harshen kafin shekara huɗu na digiri. A Ingila ma, Jami'ar Oxford tana da asusun Marjory Wardrop, Baturiyar da ta fassara adabin ƙasar, domin nazarin Jojiya.

Shekaru bayan haka, ina aiki a gida, Baffa ya kwanta jinya hannun wani likita baƙo da ba ya jin Hausa, ni nake tsayawa tsakaninsu ina fassara. Ban tuna masa maganarsa ba, domin Inna ta hana ni, kuma har ya rasu, Allah ya jiƙansa, bai janye ta ba. Mako mai zuwa zan koma kan tafiyata birnin Batumi da ke yankin Ajara na Jojiya, da yadda Musulmin yankin suka karɓe ni.