Sabar lafiyarta ƙalau, wayar wani malami ce ta ɗauke mata lamba

A aikinmu na gyaran netwok, abin da ya mutu murus ya fi daɗin gyara. Wanda ke ƙona rai shi ne mai zuwa ya tafi. Yanzu komai na aiki, an jima shafi ya ƙi buɗewa, kafin ka rufe shago ka hau mashin ka iso ya dawo, masu wurin na ta rantsuwa cewa wallahi yanzu-yanzun nan ya gyaru.

Irin wannan na tarar a wata makarantar kuɗi da ke wajen Ƙofar Ƙaura a nan Katsina, ana dab da fitar da sakamakon zango. Sabar tasu, wato kwamfutar da sauran na ofis ke ɗaukar aiki daga gare ta, kwamfutar tebur ce 'yar gwanjo da aka ƙara wa ƙarfi, aka ɗora mata Proxmox, manhajar nan da aka gina a kan Debian wadda ke ba ka damar tayar da kwamfutoci da yawa a cikin inji guda. Uku ke cikinta: ta sakamakon ɗalibai, ta lissafin kuɗin makaranta, da ta ajiyar takardu. Su ukun duka, har da uwar da ke goye da su, kebul ɗaya tal suke bi su fita zuwa suwic, akwatin da kebul ɗin kwamfutoci ke haɗuwa a cikinsa, ta kan gadar da Proxmox ke kira vmbr0.

Mai makarantar ya riga ya yanke hukunci. "Injiniya, injin nan ya gaji, faɗa mini nawa ne sabo." Na ce, "Yallaɓai, a ɗan dakata tukuna, kuɗin nan ba inda za su gudu." Malamai kuwa kamfanin intanet suke ta yi wa Allah-ya-isa, alhali manhajar sakamakon ko ƙofar makaranta ba ta fita. Daga ofis zuwa ɗakin sabar ne iyakar tafiyarta.

Na fara da abin da hannu ke taɓawa. Na jona allo da kibod a jikin sabar, don kada in dogara da netwok ɗin da nake tuhuma. Umarnin ethtool ya nuna katin netwok na gudu a kan 1000Mb/s. Wannan kaɗai ya kwantar mini da hankali game da kebul, domin wannan gudun sai siraran wayoyi takwas na ciki duk sun haɗu, idan ɗaya ta kuɓuce a bakin filogi sau da yawa sai ka ga ya faɗo 100. Na duba ip -s link, ba kurakurai. Sai na buɗe journalctl -k, inda injin ke rubuta abin da ya faru da shi, ina neman layi biyu: inda katin zai ce hanya ta yanke ta dawo, da kuma sanannen saƙon nan na direban e1000e, Detected Hardware Unit Hang, wanda ke fitowa idan katin ya sandare a ƙarƙashin kaya mai nauyi, ake maganinsa da kashe wasu saituna biyu na katin, tso da gso. Masu ƙananan injuna irin wannan sun san shi sarai. A nan babu ko ɗaya.

Abin da ya buɗe mini ido magana ce da mai buga takardu na ofis ya yi a tsakiyar hira. Ya ce, "Ai Malam, ta ajiyar takardu ba ta taɓa yi mana haka ba." Na sa shi ya maimaita. To in kebul ne, ko kati, ko suwic, ko ɗaukewar wuta, ta yaya za a ce uku na faɗuwa ɗaya na tsaye, bayan hanyarsu guda? Na jera lambobinsu na IP, wato adireshin kowacce a netwok, a takarda. Uwar tana kan 192.168.1.100, ta sakamako 101, ta lissafi 102. Ita kuwa wadda ba ta ciwo tana can kan 20.

Na shiga rauta, na'urar da ke ba da Wi-Fi. Tana raba wa duk wanda ya shigo lamba ta hanyar DHCP, kuma daga 100 take farawa, kamar yadda da yawa daga cikin ƙananan rautoci ke zuwa daga kamfani. Wanda ya kafa sabar tun farko ya zaɓi 100 ne, ina jin don sauƙin tunawa, ya rubuta mata ita da hannu, ita kuwa rauta ba wanda ya gaya mata cewa lambobin nan suna da masu su.

Ga yadda abin ke ƙulluwa. Batirin inbata ba ya kai su safiya, saboda haka ana kashe sabar idan an tashi. Da safe mai gadi ya tayar da janareta, rauta ta tashi cikin ɗan lokaci, malamai na shigowa wayoyinsu na kama Wi-Fi tun daga bakin get. Sabar kuwa sai an buɗe ofis an danna ta, ta ɗauki mintuna kafin kwamfutocin cikinta su miƙe. Ko da rautar na leƙawa ta ga ko akwai mai lambar kafin ta bayar, a wannan lokacin ba kowa a kai. Wayar farko ta karɓi 100, ta biyu 101. Sabar ta tashi ta ɗora lambobin da aka rubuta mata ba tare da ta tambayi kowa ba.

Daga nan sai rikici. A cikin netwok na gida, kwamfuta ba ta aika saƙo da lambar IP kaɗai. Sai ta yi cigiya ta hanyar ARP, wa ke da 101, mai ita ya amsa da lambar katinsa ta MAC, ta rubuta ta ajiye na ɗan lokaci. Kamar ka yi sallama a zaure ka kira suna ne, mutum biyu su amsa. Idan wayar na barci a aljihu, sabar ce ke amsawa, aiki ya tafi daidai. Malami na zaro ta ya buɗe WhatsApp, ta yi shelar ita ce mai lambar, kwamfutocin ofis su gyara rubutunsu, makin ɗalibai ya kama hanyar aljihun mutumin da bai san ma ana yi ba. Shi ya sa ranar Asabar, da ba malamai, ba a taɓa kuka da ita.

Ban so in faɗa wa mai makaranta zato ba. Daga laftof ɗina na yi arping zuwa 101, wato na yi cigiyar nan da kaina, amsa ta zo daga MAC biyu daban. Ɗaya na gan ta a saitin kwamfutar sakamako. Ɗayar kuwa harafinta na biyu A ne, kuma MAC da ke da 2, 6, A ko E a wannan gurbin ƙirƙirarta aka yi, ba daga masana'anta ta zo ba. Kwamfutocin cikin sabar na iya ɗaukar irinta, amma na duba duk nasu ba ita. Saura wayoyi, domin tun daga Android 10 da iOS 14 suna ƙirƙiro wa kowace Wi-Fi tata lambar. Muka bi ofishin malamai ana kashe Wi-Fi ɗaya bayan ɗaya, yarona na kallon allo, har ya ɗaga murya, "Oga, ta yi shiru!" Wayar malamin lissafi ce, bawan Allah har ya fara ba da haƙuri kan laifin da ba nasa ba.

Gyaran bai ci ko naira ba. Na mayar da rabon rauta ya fara daga 120, aka kashe ta aka kunna, kowa ya kashe Wi-Fi ya sake jonawa don ya saki tsohuwar lambar. Na fi son wannan a kan sauya lambar sabar, domin sauya ta na nufin taɓa fayilolin saiti /etc/network/interfaces da /etc/hosts, sannan a bi kowace kwamfutar ofis ana gyara adireshi ana tsakiyar shigar da maki. Na rubuta lambobin huɗu da iyakar rabon a takarda na manna a gefen injin, saboda ranar da wani zai danna maɓallin mayar da rauta yadda ta zo, za ta koma farawa daga 100.

Kuɗin da Yallaɓai ya ware wa sabon inji, na ce a sayi batir da su.