Dam ɗin Tiga da maganar "an sako ruwa"

Jiya da daddare a majalisa wani ya dage wai dam ne ke kawo ambaliya, da babu Tiga da mutanen Haɗejiya sun huta. Ban tanka ba don bana son musu, amma abin ya tsaya min a rai har na kwanta.

Ni dai yadda na fahimci abin, dam randa ce kawai, babba. Ruwan sama a wajenmu wata huɗu ne ko biyar, mafi yawansa kuma Agusta yake zubowa lokaci ɗaya, to shi Tiga da aka gama a 1974 zamanin Audu Bako aikinsa ya tare Kogin Kano ya riƙe wannan ruwan, in rani yayi a dinga sakinsa kaɗan-kaɗan ta kanal zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, tumatir da shinkafar da muke ci kenan.

Amma fa randar da ta cika ko moɗa ɗaya ba zata ƙara ɗauka ba. Nan rigimar take. Manomin rani so yake dam ya cika maƙil, mutumin da ke ƙasa wajen Ringim da Auyo kuma so yake a bar wuri kafin Agusta, kuma ruwa ɗaya ne ake magana a kai. In aka bari ya cika sannan sama ta ɓalle, dole ruwan ya bi ta hanyar da aka gina masa ya wuce, in ba haka ba bangon ne zai tafi, kamar dam ɗin Bagauda a 1988 ko na Alau da ya cinye Maiduguri a Satumbar 2024, Allah ya kiyaye. Ga laka da yashi da ke taruwa a ƙasa duk shekara suna cin wurin ruwa, wannan ba mai gani sai ma'aikata.

Inda mutumin namu yake da gaskiya shi ne maganar ciyawar kachalla. Tunda kogin ya daina ƙafewa da rani saboda ruwan da dam ke saki, ciyawar nan ta samu wuri ta toshe hanyoyin ruwa tsakanin Haɗejiya da Nguru, ruwa in ya zo sai ya rasa inda zai bi ya faɗa gonakin mutane. Wannan zan faɗa masa anjima in ya zo shan shayi.