Asabar a gareji, saura kwana tara wa'adin taya

22 ga Nuwamba, Montiriyal

Da na fito bayan sallar asuba, gilashin motar ya yi fari fat da raɓar da ta daskare. Na kunna ta, sai ga ɗan hoton taya ya haska a gabana, wai iska ta ragu. Ba ƙusa ta taka ba, sanyi ne. Iskar taya takan tsuke in gari ya yi sanyi, wajen awo ɗaya ke sauka duk lokacin da ma'aunin zafi ya faɗi da digiri 5 ko 6. Shekarata tara a nan Kanada, na san haka, amma har yanzu gabana sai ya faɗi in motar nan ta yi ƙara.

Wannan ne hunturunta na farko a hannuna. A watan Yuni na saye ta, ta hannu ce, ƙirar Jamus, shekararta takwas, baƙa wuluk, kujerun fata masu ɗumama mazaunai. Tsohuwar 'yar ƙurƙurata ta Japan na sayar wa wani ɗalibi. Duk tsawon bazara ina ta jin daɗi, a masallacin Juma'a ana ta yi mini Allah ya sa alheri. Yau aka kawo lissafi.

A nan lardinmu na Kebek doka ce, daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris dole mota ta kasance da tayoyin hunturu, waɗanda ke da hoton dutse mai kai uku da ɗigon dusar ƙanƙara a cikinsa. Wanda aka kama ba su, tarar dala 200 zuwa 300. Shi ya sa a Nuwamba samun layi a gareji sai ka ce neman kujerar Makka. Ni tun Oktoba na kama nawa, ƙarfe takwas na safiyar yau.

Bakaniken dattijo ne, ɗan Aljeriya, ba ya son yawan magana. Na yi ƙoƙarin rage zafi, na ce masa ai motar da ƙafa huɗu take ja, ko masu araha ma za su wadatar. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Ƙafa huɗu tashi take taimaka maka da shi, ɗan'uwa. Tsayawa kuwa, kowace mota da ƙafa huɗu take taka birki, har da wadda ka sayar."

Ya jawo tayar bazarar da ya cire, ya ce in danna farce a jikinta. Tauri kamar busasshen ƙirgi. Ya miƙo ta hunturu, farcena ya nutse, ga ƙananan tsage birjik a kan zanen. Robar bazara tana fara sandarewa da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, tun ƙanƙara ba ta zubo ba. Kuma mota mai nauyin kusan tan biyu in ta fara sulɓi, ba ruwanta da kuɗin da aka saye ta. Na yi shiru. Huɗun sun tashi dala 1,600 da ɗoriya. A raina na juya su zuwa sefa, sama da jika 600, na ce wannan labari ba zai kai Maraɗi ba. Kowa ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne lokacin da ya ɗaga shimfiɗar but. Ni wata biyar ina yawo da motar nan ban taɓa leƙa wurin ba, abin kunya. Babu safaya, babu jak. Batir ne zaune a gefe, da wani ƙarfe mai zobe da ake ɗaurawa a gaban mota in za a ja ta. Irin waɗannan motoci tayoyinsu masu ƙarfin gefe ne, ko sun sace za su kai ka wajen kilomita 80 in ba ka wuce gudun 80 ba. A cikin gari wannan ya isa. Amma na tuna hanyar arewa da muke bi in za mu ziyarci ƙanwar uwargida, daji ne da duhu, kuma ba kowane ƙauye ke da taya mai wannan girma a ajiye ba. A gida ko ina ka tsaya akwai mai faci a gindin bishiya. Nan sai dai ka kira motar ja, ka zauna jira, kuma ranar da ƙanƙara ta yi yawa kowa ita yake kira.

Ya auna batir, ya ce ya fara gajiya. A digiri 18 ƙasa da sifiri ake gwada ƙarfin batir na tayar da inji, mu kuwa Janairu yakan kai mu ƙasa da haka. Sauya shi ma ba cire wannan sa wancan ba ne, sai an jona kwamfuta an sanar da motar cewa ta samu sabo. Na ce a bar shi zuwa albashi. Ya nuna mini wurin jona waya a ƙarƙashin bonet, ya cika ruwan wanke gilashi da mai jure digiri 40 ƙasa da sifiri, ya duba ruwan lagireto, ya sauya waifa, ya shafa wani mai a robar ƙofofi don kada su manne. Wanki da fesa maganin tsatsa saboda gishirin da ake watsa wa titi, sai mako mai zuwa.

Na dawo gida bayan azahar na tarar uwargida ta riga ta tara kaya a bakin ƙofa. Shebur, tocila, wayar jona batir, safar hannu, hulunan sanyi, kyandir uku da ashana a cikin gwangwanin madara, dabino, gyaɗa, da buhun yashin mage da ake zubawa a ƙarƙashin taya in ta kafe. A samansu kuma ga jibgegen bargon nan mai hoton damisa, na kayan ɗakinta, wanda ya fi babban ɗanmu shekaru.

"Haba, wannan bargon a motar nan?"

"Maigida, in man ya ƙare kujerar taka da me za ta ɗumama ka?"

Ba ni da amsa. Ita ba ta manta daren 14 ga Maris na 2017 ba, lokacin da motoci wajen 300 suka maƙale a babbar hanya mai lamba 13, a nan cikin Montiriyal, mutane suka kwana a ciki har gari ya waye. Hunturunmu na farko ke nan, muna ɗaki muna kallo a talabijin, ta ce ashe a tsakiyar birni ma ana kwanan daji. Tun daga ranar ba ta yarda tanki ya sauka ƙasa da rabi. Yau ma sai da ta sa yaron ya maimaita abin da ta koya masa: in mota ta maƙale, a fara tone bakin salansa kafin a kunna inji, don in ƙanƙara ta toshe shi hayaƙin ciki yake komawa, kuma gubar da ke kisa ba ta da wari. A kunna na ɗan lokaci, a kashe, a ɗan sauke gilashi.

Na jera kayan a but. Ramin da babu safaya ya cinye kusan rabinsu, bargon kuwa ya ƙi shiga ko'ina, yana nan shimfiɗe a sama, damisa na kallon duk wanda ya buɗe.

Magariba ta shigo wajen huɗu da kwata. Kafin nan na kira Inna, a can dare ya yi. Ta ce sanyin bana ya fara da wuri, har ta sa an hura mata garwashi a ɗaki. Ta tambayi motar, na ce lafiyarta lau, sababbin takalma kawai na saya mata. Ta yi dariya ta ce Allah ya tsare hanya.

Sai yanzu da nake rubutu na tuna dogon buroshin share ƙanƙara da abin kankare gilashi suna but ɗin tsohuwar motar, sun tafi da ɗalibin. Gobe in shaguna sun buɗe zan fita. Dabinon ma yaron ya riga ya buɗe leda ɗaya.