Ranar tunawa da gobarar Triangle, da matar da nake rubuta labarinta

Talata, 25 ga Maris, 2025. Bronx, New York.

Bayan sahur ban koma barci ba. Tun makon jiya na nemi hutun yau a wurin aiki saboda taron tunawa da gobarar Triangle, wadda ta tashi a wani kamfanin ɗinkin riguna a New York ranar 25 ga Maris, 1911, domin babin da ya tsaya mini a labarin da nake rubutawa babin wannan gobarar ne.

Labarin wata mata ce 'yar tsibirin Sisili, a kudancin Italiya. Ni na ƙirƙire ta, amma babu abin da na ɗora mata wanda bai sami mutane na gaske ba. Mijinta da ɗanta na fari sun rasu a girgizar ƙasar Messina, wadda ta auku da asuba ranar 28 ga Disamba, 1908, mutane na cikin barci, ta hallaka aƙalla mutum 75,000 a garin da maƙwabciyarsa Reggio Calabria. A 1909 ta shigo jirgin ruwa da 'ya'yanta mata biyu da bashin kuɗin jirgi a wuyanta. An tsare su a tsibirin Ellis har sai da ɗan'uwan mijinta ya zo ya karɓe su, saboda a lokacin ba a sakin mace ita kaɗai ta shiga gari. Babbar 'yar ta sami aikin ɗinkin rigunan mata a kamfanin Triangle, inda gobarar ta ci ta. Duk wannan na rubuta shi ba wahala. Daga yammacin Asabar ɗin gobarar ne rubutun ya ƙi gaba, kullum sai na sami uwar zaune tana kuka, na rasa yadda zan tayar da ita.

Na hau jirgin ƙasa na layin D na sauka a tashar West 4th, na ratsa ta dandalin Washington Square. Ginin yana nan a kusurwar Greene Street da Washington Place, hawa goma, ko tsagewa bai yi ba. A da sunansa Asch, yanzu Brown, mallakar Jami'ar New York, ɗalibai na shiga suna fita da jakunkunansu. Tun farko an gina shi ne yadda wuta ba za ta ci shi ba, kuma ba ta ci shi ba. Abin da ke ciki ta ci: yadi, ƙyallayen da suka taru ƙarƙashin teburan masu yanka, man keken ɗinki, da mutane.

Wajen ƙarfe biyar saura ashirin na yamma wutar ta tashi a hawa na takwas, ana shirin tashi daga aiki, ranar biyan albashi. 'Yan hawa na takwas sun buga wa na goma waya, masu kamfanin, Max Blanck da Isaac Harris, suka haura rufin ginin suka tsira. Hawa na tara ba wanda ya sanar da su sai da wutar ta iso. Ƙofa ɗaya wuta ta tare ta. Ɗayar, ta ɓangaren Washington Place, a kulle take, saboda masu kamfanin suna so kowace ma'aikaciya ta bi ta hanya guda a duba jakarta, kada ta fita da ƙyalle. Matakalar ƙarfen da ke bayan ginin ta karye da mutane a kanta. Masu tuƙa lif biyu, Joseph Zito da Gaspar Mortillaro, sun yi ta hawa da sauka suna kwaso mutane har lif ɗin ya daina motsi. Abin bai kai rabin awa ba, mutum 146 suka mutu, 123 mata da 'yan mata, 23 maza, akasarinsu baƙi ne Yahudawa daga gabashin Turai da 'yan Italiya.

Duk wannan na karanta shi tun tuni. Abin da ban taɓa gani da idona ba shi ne tsanin. Motar 'yan kwana-kwana ta zo ta tsaya a titi, aka ɗaga tsaninta a hankali har hawa na shida, aka tsayar da shi nan, domin iyakar inda tsanin 1911 ya kai ke nan. Na ɗaga kai na ƙirga tagogin da suka rage zuwa na tara. Daga ƙasa tazarar ba ta da wani yawa, ana iya gane fuskar wanda ya leƙo. Wato 'yan matan suna ganin 'yan kwana-kwana, su ma suna ganin su, har suka fara faɗowa. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta rufe bakinta da hannu. Ni salati kawai na yi ta yi a zuci.

Daga nan aka fara kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, kowane suna a kaɗa ƙararrawa sau ɗaya, a ajiye fure a gindin bango. 'Yan makaranta na riƙe da dogayen sanduna da aka rataya wa riguna irin waɗanda ake ɗinkawa a kamfanin, kowace da sunan wadda ta mutu. Da aka zo kan Maltese sai ƙararrawar ta kaɗa sau uku a jere: Caterina, uwa, da 'ya'yanta Lucia mai shekara 20 da Rosaria mai shekara 14. Gida ɗaya, yamma ɗaya. Rosaria da wata yarinya, Kate Leone, su ne mafi ƙanƙanta a cikin mamatan.

Tun Oktoban 2023 akwai abin tunawa a jikin ginin. An huda sunayen a jikin wani dogon ƙarfe da ke saman kai, haske na ratsa haruffan, sai su bayyana a kan wani baƙin allo mai sheƙi da ke daidai ƙugu. Idan ka sunkuya ka karanta, kana ganin sunan, da sararin sama, da fuskarka a wuri ɗaya. An kuma rubuta maganganun waɗanda suka tsira da waɗanda suka gani da idonsu, da kuma labarin gobarar da Ingilishi da Italiyanci da Yiddish, yaren Yahudawan gabashin Turai. Na ji daɗin wannan ƙwarai, saboda yawancin iyayen da suka yi layi a gaɓar kogi, inda aka jera gawawwakin a ƙarshen titi na 26, ba sa jin Ingilishi. Sun yi ta bin akwatuna suna neman zobe, ko takalmi, ko kitso, ko haƙori. A labarina, uwar ta gane 'yarta da facin da ita kanta ta yi wa safarta a diddige, da zare mai launi daban domin baƙin ya ƙare mata.

Bayan an watse na gangara da ƙafa zuwa Elizabeth Street, titin da 'yan Sisili suka fi cika a wancan zamani. Yanzu shagunan kaya masu tsada ne a ƙasan gidajen, amma benayen jan bulo suna nan da matakalun ƙarfe a gabansu. A hanya na ci karo da suna da shekaru an rubuta da alli a kan daɓen titi. Kowace shekara masu sa kai ke zuwa ƙofar gidajen da mamatan suka zauna su rubuta, ruwan sama ya wanke, baɗi su dawo. Na ɗan tsaya ina auna tafiyar daga nan zuwa kamfanin. Ba nisa. Uwa za ta iya jin jiniya daga ɗakinta, ta fito da gudu ba mayafi, ta isa tun hayaƙi bai lafa ba.

Azumi ya fara taɓa ni, na koma gida.

Da yamma Gwaggo, maƙwabciyarmu ta hawa na uku, ta aiko jikarta ta ce mu sha ruwa a wurinta. Na kai ƙosai, ita ta dama koko irin na Zangon Kumasi mai yaji. Bayan magariba na ba ta labarin inda na je, na kuma gaya mata matsalar babin. Ta saurare ni har ƙarshe tana jan carbi.

Ta ce, "'Yata, kin ce akwai ƙaramar yarinya."

Na ce, "Akwai, Gwaggo."

"To ranar Lahadi me ta ci? Wa ya dafa? Kuɗin akwatin wa ya biya? Kuma albashin wa ake biyan haya da shi?"

Na ce na babbar.

Ta ce, "To kin gani. Ranar da aka kai Alhaji makwancinsa, ban yi kwana uku ba takardar haya ta zo. Mai gida bai san takaba ba. Kuka na yi shi, amma a tsaye, ina suyar ƙosan sayarwa."

Ba ta ƙara komai a kai ba, ta shiga zancen tahajjud. Amma ta ba ni abin da nake nema. Matar nan ba ta da halin zama. Ma'aikaciyar Triangle tana samun tsakanin dala 7 zuwa 12 a mako, kuma a gidaje da yawa wannan ne kuɗin da ya fi kowane ƙarfi. Har an sami ambulan albashin a jikin wasu gawawwakin, an cusa a safa ko a ƙirji. Kwamitin agaji na Red Cross da ƙungiyar ƙwadago sun bi gida-gida suna tambaya, suka tarar wasu 'yan matan su ke ciyar da iyaye da ƙanne a can Italiya da Rasha, sai da aka aika da taimako har can. Uwaye irin ta labarina kuwa aikin gida suke karɓowa daga 'yan kwangila, su zauna da yara a kan teburin cin abinci suna manna furannin ƙyalle na kwalliyar huluna, a biya su 'yan sulalla a kan kowace gurus, wato dozin goma sha biyu. Wannan aikin ba ya jiran makoki.

Mu ma a nan mun ga irinta. Ranar 9 ga Janairu, 2022, gobarar benen Twin Parks da ke titi na 181 ta kashe mutum 17, takwas yara ne, yawancinsu 'yan asalin Gambiya. Na'urar ɗumama ɗaki ce ta haddasa, kuma hayaƙi ne ya yi kisan, domin ƙofofin da ya kamata su rufe kansu ba su rufe ba. Na je gaisuwa a lokacin. Na tuna wata mata da ta yi rashi tana tsaye a kan tukunya tana tambaya ko baƙin da suka zo daga nesa sun ci abinci. Mutane na cewa Allah ya ba ta haƙuri, kuma ya ba ta. Amma na tuna har da yadda limamai da matasanmu suka tsaya a wurin jana'iza suna tambayar manyan gari me ya sa gidajen talakawa ne kullum ke ci da wuta, kuma ba wanda ya ga wannan ya saɓa wa tawakkali.

Wannan ne ɓangare na biyu da nake so ya fito a jikin matar. A 1909, watanni kaɗan da isowarsu, masu ɗinkin riguna kusan 20,000 suka shiga yajin aiki a New York, kuma Triangle na cikin kamfanonin da suka ƙi amincewa da ƙungiyar ƙwadago har aka gama. A labarina ita ce ta hana 'yarta shiga yajin. Ta ce su baƙi ne, ga bashi, a kama kai a yi aiki. Wannan maganar za ta riƙa dawo mata. Ba na so na sa ta zama mai jawabi a dandali, ba halinta ba ne, ko karatu ba ta iya ba. Amma ranar 5 ga Afrilu, 1911, da dubban ɗaruruwan mutane suka fito cikin ruwan sama don rakiyar gawawwakin da ba a gane ba, za ta fito da baƙaƙen kayanta ta bi sahu tare da matan Yahudawa waɗanda ba ta jin yarensu. A watan Disamba kuma, da aka fara shari'ar Blanck da Harris, mata 'yan'uwan mamatan sun tare su a harabar kotu suna kiran su masu kisan kai. Tana cikinsu.

Shari'ar ce ta fi ƙona mini rai duk lokacin da na karanta. Jami'ar Cornell ta sa rubutaccen bayaninta a intanet. Lauyan masu kamfanin, Max Steuer, ya sa wata da ta tsira, Kate Alterman, ta yi ta maimaita shaidarta, don ya nuna wai haddace ta aka sa ta yi. Yarinyar da ta ga ƙawarta ta ƙone a bakin ƙofa, yaya za a yi maganarta ta sauya? Ranar 27 ga Disamba aka sallame su, masu yanke hukuncin ba su yi awa biyu suna shawara ba, a kan cewa ba a tabbatar sun san ƙofar a kulle take ba. Daga baya iyalan da suka shigar da ƙarar neman diyya suka tashi da dala 75 a kan kowane rai, alhali abin da inshora ta biya masu kamfanin ya zarce asararsu da kimanin dala 60,000. Gaskiya ne gobarar ta sa jihar New York ta kafa hukumar binciken masana'antu, aka yi sababbin dokoki masu yawa, kuma Frances Perkins, wadda ta ga faɗowar 'yan matan da idonta, ta zama ministar ƙwadago ta Amurka a 1933. Zan ambaci wannan a taƙaice. Matar da nake rubutawa ba ta ga amfaninsa a tukunyarta ba a wannan shekarar.

Bayan tarawihi na zauna na rubuta safiyar Litinin, 27 ga Maris. Ta tashi tun duhu, ta kunna kyandir a gaban hoton 'yar, ta ɗaura baƙin ɗankwali, ta sauka ta karɓo ƙunshin furanni. Da ta dawo ta tarar ƙaramar ta sa takalmin yayarta na zuwa coci, ta ce ta kai 14, za ta nemi takardar izinin aiki ta bar makaranta. Sun yi faɗa sosai, irin faɗan da ake yi ƙasa-ƙasa saboda masu zaman makoki na ɗaki na gaba. A nan na tsaya yau.

Na yanke cewa a ƙarshe za ta bar ta ta tafi, domin haya ba za ta biya kanta ba. Amma ranar farko ita za ta raka ta, ta hau benen har inda kekunan suke, ta murɗa kowace ƙofa da hannunta a gaban mai kula da ma'aikata, sannan ta saki hannun yarinyar. Kuma za ta ci gaba da zuwa lokaci-lokaci ba sanarwa. Tana da hujja: a 1913 an sake kama Max Blanck ya kulle ƙofar sabon kamfaninsa ma'aikata na ciki, alƙali ya ci shi tarar dala 20.