Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Mai Keke a Ƙofar Mazugal

A makon jiya na yi alkawarin ci gaba da labarin shigata masaƙa a Bompai. Ku yi mini afuwa, yau ba zan iya ba. Wani abu ya same ni ranar Talata da daddare wanda ya mayar da ni baya shekara hamsin da ɗoriya, kuma in ban sauke shi ba, hannuna ba zai yarda ya rubuta wani abu daban ba.

Bayan sallar isha'i ina zaune a tsakar gida, sai ɗana na uku ya zo ya durƙusa ya miƙo mini wayarsa. Ya ce, "Abba, ga Kanonku ta da." Wani tsohon fim ne na tarihi, irin wanda Turawa kan zo su ɗauka su kai gidajen talabijin na ƙasarsu, wani bawan Allah ya ɗora shi a YouTube. Bai wuce minti ashirin da 'yan kai ba. Launinsa ya koɗe ya koma ja-ja, kamar atamfar da ta sha wanki da rana. Yaron ya ce ba a rubuta shekarar da aka ɗauka ba. Na ce masa ba sai an rubuta ba, dubi motoci. Duk a hannun hagu suke tafiya, kuma ranar 2 ga Afrilu, 1972 aka koma tuƙin hannun dama. Can kuma ga wata mota an rubuta sunan Jihar Kano a jikinta, jihar da aka ƙirƙira a 1967. Ke nan zamanin Audu Baƙo ne. Ina cikin garin nan ranar da aka ɗauki hoton, ɗan shekara tara ko goma, wataƙila ma ina makarantar allo da tawada a leɓena.

An buɗe fim ɗin da birni daga sama, daga kan hasumiyar babban masallacin Juma'a, inda baƙi kan hau su ƙare wa gari kallo a wancan lokaci. Wallahi sai da na riƙe numfashi. Soraye ne jajaye iya ganinka, kowanne da zankwayensa da indararonsa, rufin kwano sai jefi-jefi. Ga itatuwan dabino sun miƙe daga cikin gidaje, ga kududdufai suna ƙyalli a tsakanin unguwanni, ga Dala da Goron Dutse a tsaye ba abin da ya tare su. Badala kuwa tana nan da tsayinta, har za ka iya bin ta da ido daga wannan ƙofa zuwa waccan. A bayanta gonaki ne. Yarana sun ɗauka ƙari nake yi in na ce musu mun ci rake da ɗanyar gyaɗa a wuraren da yanzu suke tsayawa jiran A Daidaita Sahu. Ranar nan sai ga shi fim ya zama shaidata.

Wani Bature ne yake ta bayani da Turanci a kan hoton, ana kaɗa masa wani kiɗa da ba namu ba. Na ce wa yaron ya kashe sautin. Ba na buƙatarsa, don kunnena ya riga ya cika. Da aka nuna marina a Ƙofar Mata, hannayensu shuɗaye har gwiwar hannu suna tsoma zane suna ɗagawa ya sha iska, ni warin karofi na ji. Da aka wuce ta wurin 'yan bugu, na ji tabarensu suna sauka a kan turmin yadi bi da bi, wannan ya ɗaga wancan ya sauke, ƙarar da kan bi ka har lungu na uku. Na ji mai garwa biyu a kafaɗa yana cewa "ga ruwa", na ji ƙararrawar keke, na ji jiniyar jirgin ƙasa daga can tasha, wadda mahaifiyarmu ke auna lokacin ɗora tukunya da ita. A Kasuwar Kurmi aka nuna jakuna ɗauke da itace, da Buzaye da rawunansu kusa da tulin kanwa, da dukawa suna ɗinkin jaka. Sai kyamara ta tsaya a kan hannun wata tsohuwa tana karɓar kuɗi. Kwabo ne mai huji. Na tuna yadda nake zura irinsa a zaren wandona don kada ya faɗi. Ba a daɗe ba aka kawo naira, ranar 1 ga Janairu, 1973, amma har tsofaffinmu suka koma ga Allah sule suke ce wa kwabo goma, naira biyu kuma fam guda.

Abin da Turawan suka zo ɗauka na gane shi: ganuwa, raƙumi, rini, da hawan Sarki Ado Bayero a ƙarƙashin laima, lokacin yana matashi bai cika shekara goma a kan karaga ba. Ni kuwa ba tsakiyar hoton nake kallo ba, gefensa nake bi. Yarinyar da ta tsaya da farantin talla ta saki baki tana kallon mai kyamara. Tela a bakin zaure yana taka keken ɗinki da ƙafa. Dattawa uku a kan dakali, buta a gabansu, ba wanda ya ɗaga kai. Waɗannan ba don su aka kunna kyamara ba, shigowa kawai suka yi suka fice. Amma su ne garin da na sani.

Wajen minti na goma sha biyu aka kai dalar gyaɗa ta Ƙofar Mazugal, nan kuwa gidanmu ne a wani fannin, don a nan mahaifina ya ci abinci shekara da shekaru. Malamin awo ne a ƙarƙashin wani attajiri mai lasisin sayen gyaɗa. Aikinsa tsayawa a gaban sikeli da littafi da alƙalami, a ɗora buhu ya karanta nauyi ya rubuta, a soka bututun ƙarfe a ciro 'yan ƙwayoyi a duba ko an cakuɗa da tsakuwa ko gyaɗar ba ta bushe ba. Daga nan 'yan dako su sunkuci buhu su hau da shi. Dala ɗaya takan ci buhu har dubu goma sha biyar, kuma duk da kan ɗan Adam aka hau da su, mutum yana taka buhunan ƙasa kamar matakala, gumi yana zuba, ana waƙa ana amsawa. In an gama a lulluɓe da tamfol, a jira taragon jirgin da zai kwashe zuwa Ikko. Dalilin tara ta haka ma ke nan: gyaɗar da manoma ke kawowa da kaka ta fi ƙarfin abin da jirgi zai iya ja a lokaci guda. Nakan kai wa Baba abincin rana a kwanon sha mai murfi, Inna ta ƙulle shi da ƙyalle. In ya gama ci sai ya ɗora ni a kan sikelin ya ce, "To, malam, yau ma ba ka kai rabin buhu ba." Ya rubuta a bayan littafinsa kamar da gaske.

Ina cikin wannan tunani sai wani mutum ya gitta ta gaban dalar a kan keke. Baƙin Raleigh, farar taguwa, hula zanna ta ɗan karkata hagu, da wani abu kamar littafi a ɗaure a kariyar baya. Daƙiƙa uku, ya fita daga hoton.

Na ce, "Mayar da shi baya."

Ya mayar. Na ce ya sake. Mun yi haka ya fi sau ashirin, har yaron ya koya mini yadda ake tsayar da hoto da yatsa, ya bar mini wayar ya tafi ya kwanta. In na tsayar, fuskar sai ta narke ta zama inuwa kawai. In na sake shi ya tafi, sai na ga zaman keken nan na Baba, bayansa a miƙe, gwiwoyinsa a ɗan buɗe saboda taguwa.

Sai na faɗa muku abin da ya sa wannan ya girgiza ni. Ba mu da hoton mahaifinmu ko ɗaya. Sau guda ya taɓa zama gaban mai hoto a Sabon Gari, lokacin da yake tara kuɗin aikin Hajji. Hajjin bai yiwu ba. Farin 1973 ya zo, sannan a 1975 cutar da darɓa ke yaɗawa ta cinye gonakin gyaɗa, dala ta yi ta raguwa har fili ya koma wurin ƙwallon yara. Sikeli ya tashi, kuɗin Hajji suka tafi a hatsi. Baba ya koma kasa goro a bakin zaure har ya rasu a 1979. Hoton nan ɗaya yana cikin akwatin Inna, sai ruwan watan Agusta na 1988, wanda har madatsar Bagauda ta ɓalle, ya rusa ɗakin a kan akwatin. Mun fito da Inna da rai, alhamdu lillahi, amma takardun ciki duk sun zama taɓo. Jikokinsa goma sha tara, babu wanda ya san kamanninsa.

Shi ya sa ba na yarda in ce wa yara komai na da daɗi ne. Soron nan da ya yi kyau daga kan hasumiya shi ne yake zuba da damina, a kwana ana tara kwanuka. Kududdufin da ke ƙyalli ya ci yaran unguwarmu biyu da na sani, ga sauro. Ƙanena da ke bi na ƙyanda ce ta ɗauke shi yana shekara uku. Duk wannan fim ɗin bai nuna ba. Amma kewar tana nan ba ta ragu ba, don a garin nan in ka fita daga gidanku har ka kai Kurmi, babu zauren da ba a san ɗan wane ne kai ba. In ka yi ɓarna, a hanya za a hukunta ka kafin labari ya isa gida. In yunwa ta kama ka, kowace tsakar gida taka ce.

Abin da ke ƙara ci mini rai shi ne mu ma an nuna mana irin waɗannan shirye-shirye muna samari, muka yi watsi da su. Talabijin ta farko a layinmu ta shigo ne bayan kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi wa ma'aikata, baƙi da fari, mai ƙofa kamar kabad, a zauren wani ma'aikacin gwamnati. Sai ka wanke ƙafa kafin a bar ka ka zauna. Daga baya, bayan NTA, gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa CTV, suka riƙa shiga kasuwanni da unguwanni suna ɗauko masu sana'a, maƙera da majema da masu saƙar fari. Da an sako irin wannan sai mu tashi mu fita shan iska, mu ce a kira mu in an fara wasan kwaikwayo ko dambe. Me za mu kalla a maƙeri, ga shi nan a bayan gidanmu? Yau in da zan san inda kasakasan nan suke, in suna nan ba su lalace ba, zan je in zauna ko kwana nawa ne in kalle su ɗaya bayan ɗaya. Ina roƙon duk wanda ke da iko a gidajen talabijin ɗinmu ya duba ɗakunan ajiyarsu tun kafin zafi da ƙura su gama da abin da ya rage. Iyayen mutane ne a ciki.

Washegari da hantsi na ɗauki wayar na nufi Gwammaja wurin Yaya. Ta girme ni da shekara tara, ita ce take wanke wa Baba taguwoyinsa kafin a yi mata aure. Idonta ya yi rauni, sai da jikarta ta kawo mata tabarau. Muka gaisa, na zauna a bakin tabarmarta, ban ce mata komai ba na kunna daga wurin dala. Mai keke ya gitta. Ba ta yi magana ba. Na mayar, ya sake gittawa. Ta karɓi wayar da hannu biyu ta matso da ita dab da fuskarta.

Ta ce, "Auta, hular tasa ce. Amma Baba ba ya hawa keke sai ya naɗe ƙafar wandonsa ta dama, saboda sarƙa. Tsayar mini a ƙafar."

Na tsayar. Daidai wurin wani ɗan dako ya gitta da buhu a ka, ya tare ƙafar. Na matsa gaba kaɗan, keken ya riga ya kai bakin hoton. Muka yi ta gwadawa har aka kira azahar, ba mu samu ba.

Ta cire tabarau ta goge idonta da gefen mayafi, ta daɗe shiru. Sannan ta ce in sake mayarwa, ba don mai keken ba. Akwai wani dogon saurayi a tsaye kusa da sikeli, da fensir a maƙale a kunne, wanda ni ban ko lura da shi ba. Ta ɗora yatsa a kansa ta ce wannan kam ba ta shakka, yaron Baba ne da ke ɗora masa buhu a sikeli, wanda kan zo gidanmu cin tuwo ranar Juma'a. Ta ce yana nan da ransa, ya tsufa ƙwarai, 'ya'yansa suna sayar da hatsi a Kasuwar Dawanau, kuma bara ma ya aiko mata da gaisuwa.

Na sa an nemo mini ɗansa, mun yi magana jiya da yamma. Ya ce tsohon yana gani, kunnensa ne ya yi nauyi, kuma ya fi sakewa da safe bayan ya karya. Ranar Asabar in Allah ya kai mu za mu je ni da Yaya, ta ce ko da sanda sai ta je. Abin da ya gaya mana shi zan kawo muku a mako mai zuwa, kafin mu koma Bompai.